Rigunan Ɗan Gayu

Mutum biyu suka shigo da shi tsakar gida, ƙafafunsa na jan ƙasa, amma Uwar Biyu ba fuskarsa ta fara kalla ba. Rigar ta kalla. Sabuwa ce dal, ga 'yar takardar farashi tana leƙowa ta bayan wuya.

"Ku cire mini ita," in ji shi da ƙyar. "Kada gumi ya ɓata ta."

Uwar Biyu ta taɓe baki. Mutum rai a hannun Allah, amma ta riga yake yi!

Ɗan Gayu ake ce masa, ɗakinsa na kallon nata. A wani babban shagon tufafi yake aiki, kullum da rigar da zai sa, ba ya maimaitawa. Ta daɗe tana wannan lissafi: yaran shago nawa ake ba su? Ga matarsa da zane ɗaya tamkar fatarta. Ba a kuma taɓa ganin rigunan nan a kan igiyar shanya ba.

Ta taɓa yi masa bugun ciki, ya yi dariya.

"Yaya, aikinmu da daɗi. Ga sanyin na'ura, ga manyan mutane suna gaishe ka. Zama ne kawai babu. Aka gan ka a kujera, ka sha faɗa."

"To, rigunan fa?"

"Rigunan ai sai godiya," ya ce, ya shige ɗaki yana ɗingishi.

Ƙafafun sun jima da kumbura, ya ƙi zuwa asibiti don kada a ba wani gurbinsa. Bai yi mako a kwance ba ya cika.

Ana cikin zaman makoki sai ga manajan shagon da ƙatuwar jaka, ba komai a cikinta. Gaban Uwar Biyu ya faɗi. Shi ke nan, asiri zai tonu a gaban jama'a, a bar marayu da sunan 'ya'yan ɓarawo. Duk zarginta, wannan kam ba za ta iya gani ba. Ta yi wuf ta tare ƙofar ɗakin.

"Malam, lafiya?"

"Kayanmu na zo karɓa, Baba."

"Babu kayan kowa a nan. Ka ji tsoron Allah, ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba!"

"Yaya, bar shi ya shiga," matar ta ce daga ciki, muryarta a dashe.

Matar ta buɗe masa kwaba da kanta. Ya riƙa zaro rigunan ɗaya bayan ɗaya, yana duba wuya, yana shinshina hammata, yana laluba aljihu. Uwar Biyu ta ji kamar ta shaƙe shi.

"Aro ne," matar ta ce, ba ta ɗago kai ba. "Dokar shagon ce. Yaran shago su sa, masu saye su gani a jikinsu su yi sha'awa, a mayar a ba su wasu. Ya hana ni faɗa. Ya ce a bar shi da 'yar kwalliyarsa."

"Gaskiya ba a taɓa kama shi da komai ba," in ji manajan yana zuge jaka. "Kuma kullum sai mun caje yaran shago kafin su tashi."

Kunya ta rufe Uwar Biyu, ta rasa inda za ta sa kanta.

Da ya fita, matar ta koma kan tabarma ta bar kwabar a buɗe. Maratayan ƙarfe ne jere, suna ɗan kaɗawa. Can ƙarshe riga ɗaya ce ta rage, ta koɗe, an yi mata faci a kafaɗa da zaren da ba launinta ba.