Awakin Danda da Furoje

Danda na cikin tura akuya ta goma sha bakwai ta ɓarauniyar ƙofa, mai shela ya sake zagayowa: 'yan furoje na tafe, kowa ya fito da awakinsa dandali.

Furoje dai Faransanci ce, kuma a bakin masu ita ba ta wuce aikin da aka tsara za a yi ba. Da ta iso ƙauyukan Bawdeta sai ta yi ƙiba, ta koma farar mota mai rabon kaya. A wannan karatu Danda ya sauke tun tuni. Ya ci furojen taki, ya ci ta baro, ya ci ta gidan sauro har sau biyu, duk albarkacin wata yagaggiyar riga da yake adanawa a ƙasan adaka kamar kayan sallah. Dabarar ɗaya ce: ranar rubuta suna, kada a same ka da komai.

Ya danƙa garken ga Mas'udu makiyayi, ya ce a yi wajen Maijirgi da su sai mota ta tafi. Mas'udu ya ce ai can awaki ke ta mutuwa da zawo. Danda ya ce bakinsa ya sari ɗanyen kashi.

Shi ya fara shiga layi, sanye da yagaggiyar rigar, yana ɗingishin da bai kwana da shi ba. Ramlatu, malamar dabbobi, ta tambaye shi awakinsa nawa. Ya rantse a gaban mai gari cewa ko ɗaya. Maƙwabta suka sunkuyar da kai, ba don kunya ba, don dariya.

Sai aka buɗe bayan mota. Babu buhu, babu bargo, akwatin ƙanƙara ne cike da allurar rigakafin annobar nan ta Maijirgi. Danda ya dubi Ramlatu. Ya matso, ya rage murya.

“Ɗiyata, in mutum na da awakin amana cikin daji hwa?”

“Da azahar muke tashi, baba. Amma kai mi ya dame ka? Ba ka da ko ɗaya.”

Ya tuɓe rigar ya bazama daji, ɗingishi ya warke. Bai iske Mas'udu ba sai la'asar, a bakin wata rijiya, awakinsa na shan ruwa kwami ɗaya da wasu awaki masu majina da zawo.

Kafin kasuwar Tasawa ta ci sau biyu, rantsuwar Danda ta zama gaskiya.