Ƙafar Faruku a Hannun Ɗan Uruguwai

Ƙarar da ƙashin ya yi ba ta bar kunnen Halilu ba har amalanke ta shiga garin Yekuwa. Faruku na kwance a kanta yana nishi, ƙafarsa ta dama ta kalli inda ƙafa ba ta kallo. Halilu na biye a ƙasa, ko takalmin balo, wato ƙwallo, bai cire ba.

A Magariya Ɗan Uruguwai ake ce masa, saboda wani mai tsaron baya na ƙasar Uruguwai da ya gani a tele ya ɗauke shi malami. Tun daga ƙungiyar unguwar da mutumin ya fara wasa har zuwansa Turai, Halilu ya haddace tsaf. Abu guda gogan bai lura da shi ba: can a kan ciyawa ake zamiya. Shi kuwa yau a kan tsandauri ya zame da ƙafa biyu, ya kwashe Faruku da balon gaba ɗaya.

Tsoro yake ji ƙwarai, kada saurayi kamar Faruku ya gurgunce a sanadinsa. Ga shi kuma maɗorin da za a kai wa ƙafar, Malam Ayuba, shi ne mahaifin Faruku.

Tsohon ya fito zaure, ya daɗe yana duban ƙafar.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Baba," in ji Halilu.

Ya sunkuyar da kai yana jiran mari, ko a ce a kira jandarma.

"To matso. A gidan nan wanda ya karya shi ke riƙewa."

Halilu ya durƙusa ya danne cinyar. Malam Ayuba ya yi bisimilla, ya tofa, ya ja. Faruku ya ƙwalla ƙara yana kiran innarsa, Halilu kuwa ya ji ƙashin yana motsi a ƙarƙashin tafinsa. Sai da aka jera karare aka ɗaure sannan Halilu ya tambaya.

"Baba, zai taka?"

"Na ɗora ƙafar mutane da yawa," in ji tsohon a hankali. "Ta ɗana ban taɓa ba."

Ya miƙa hannu zai ƙulle tsumman ƙarshe, yatsunsa suka ƙi. Ya gwada, ya sake gwadawa. Daga nan ya tura wa Halilu bakin tsumman.

"Ƙulla, ɗana. Kada ka sassauta."