Tokar Inna Kulu

Baron ƙarshe Mujitaba yake turawa waje lokacin da na shigo gidan da kwanon kunu a hannuna. Na ga gemunsa da wandonsa sun yi furu-furu, na waiga rumfar da ke bayan ɗakin mahaifiyarsa, sai na ga wayam. Buhunan toka babu ko ɗaya.

"Mujitaba, ina ka kai tokar Inna?"

"Bola mana, Yaya Zaituna. Siminti za a yi wa tsakar gidan nan. Ai mara lafiya ba ta zama cikin datti."

Datti ya ce. Inna Kulu maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu, kuma tun kafin a haifi Mujitaba take dafa sabulun salo a Dangora. Tokar nan ba ta murhu ba ce. Ta karan dawa ce zalla, wanda take bin gonaki da kaka tana tarawa, ta ƙona a wuri mai tsabta, ta ɗura a buhu ta ɓoye wa ruwa. Ita take tacewa a tukunya mai huji, ta tafasa ruwan har ya yi kauri, ta zuba man kaɗen da matan Fulani ke kawo mata daga wajen Doguwa, ta yi ta tuƙawa har ya kama. Da wannan dattin aka yi masa karatun da ya kai shi ofis a Kano. Ban faɗa masa ba, amma ya gani a fuskata.

Na dire kwanon na ruga bola in kwashe abin da ya samu. Muna tsakiyar damina, hadarin da ya haɗu tun hantsi bai jira ni ba. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ina tsaye ina kallon tokar tana bin kwata.

Inna tana kwance ta ji komai. Ciwo ya riga ya ci jikinta, ƙafafun sun kumbura, ko tashi zaune sai an tallafe ta. Abin da ɗanta bai sani ba, don bai zauna an yi hira da shi ba, shi ne abin da aka ajiye tokar dominsa. Duk macen da ta rasu a unguwarmu, Inna takan aika da dunƙulen sabulunta a yi mata wanka, sadaka, tun kafin a gama ɗinkin likkafani. Na ƙarshen da ke hannunta ta bayar ranar da Jannatu matar mai unguwa ta cika. Na wankan ita Inna da kanta ne ya rage a dafa, kuma mun yi da ita ni zan tuƙa, ita ta riƙa gaya mini daga kan tabarma, da zarar an samu rana mai kyau.

"Zaituna, kaka da nisa," ta ce. "Ni kuwa ba na jin zan ga an yanke dawa."

Mujitaba ya durƙusa ya ba da haƙuri, ya ce ai sabulu sabulu ne, ko Malam Idris limaminmu ya ce kowane mai tsarki ya wadatar. Gaskiya Malam ya faɗa, Inna ma ta san haka. Ta ce masa Allah ya yi albarka, ta juya wa bango fuska. Washegari ya bar wa magina aiki ya koma Kano.

Ni dai raina bai ba ni in bari ba. Na bi murhun maƙwabta na tara toka, na tace, na kawo mata ruwan a ludayi. Ta ɗiga a harshe ta tofar. Ta ce da leda suke hura wuta, wannan tokar ta mutu. Na yi taurin kai na ɗora tukunya. Na tuƙa har kafaɗata ta ƙage, mai yana gefe ruwa yana gefe, sun ƙi haɗuwa.

Sai na shiga gida-gida neman ko gutsuren wanda ta taɓa rabawa. A nan na ga halin mutanenmu. Waɗannan matan da ke karɓa da hannu biyu suna Allah ya saka, ɗaya ta ce yana baƙanta mata baho, wata ta ce tuntuni ta ƙarar da shi a gindin tukwane. Lubabatu, wadda Inna ta wanke wa 'ya'yanta duka da shi suna jarirai, dariya ma ta yi, wai 'yan matanta sun ce warin hayaƙi yake, su yanzu na ruwa suke haɗawa. Na zagaye unguwar kaf na dawo hannu rabbana.

"Kin samo?" Inna ta tambaye ni.

Na ce tukuna dai, da sauran gidajen bakin kasuwa.

"Ashe kunyata suke ji suke karɓa," ta ce. Ba ta sake tayar da maganar ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo da a ce kuka ta yi.

Ta cika ranar wata Alhamis da hantsi, dawa ta fara fitar da kai. Ni aka ce in yi mata wanka. Gidan ya cika da mata, har da su Lubabatu, kowa na faɗin alherin marigayiya. Na tambayi sabulu, sai Bushra matar Mujitaba ta buɗe jakarta ta miƙo mini wata kwalbar roba mai kai irin na famfo. Ta nuna mini inda ake dannawa.

Na danna, kumfa ta cika mini tafi, fara fat, tana ƙamshin lemo. Na kama hannun Inna na dama, wanda ruwan toka ya tsattsage wa yatsu, na wanke shi a hankali, na bi sauran jikin yadda ita ta koya mini. Na yi ta ɗauraya, ruwa ya kusa ƙarewa santsin bai fita ba.

Maza suka shigo suka ɗauke ta. Gidan ya yi tsit, na fito da bokiti a hannuna. Kumfar tana nan tsaye a bakin rariya, ba ta kwanta ba.