Siririyar Igiyar Iliyasu

Sunansa Iliyasu. Shekara ashirin da uku ya yi a duniya, ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba sai ranar ƙarshe. Ɗan fari ne. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya yabonsa, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane. Haka na taras, haka na yi.

Sanƙarau ya kama shi yana shekara huɗu, muna Furana. Ya tashi, amma ji ya tafi, magana ta bi bayansa. Mutane suka ce bara zai yi. Na ce ba a gidana ba. Ni mahaƙin rijiya ne, ubana ma haka. Da ya kai sha biyar na danƙa masa dagi.

A aikinmu mai haƙa yana ƙasa, mai ja yana sama, da ɗaga murya ake magana. Shi ba ya ji, ba ya faɗa. Sai na tuƙa masa siririyar igiyar rama, ban da babbar da ake jan guga da ita. Bakinta ɗaya a ƙugunsa, ɗayan a wuyan hannuna na hagu. Ja ɗaya, guga ya cika. Ja biyu, dakata. Ja uku, a fitar da ni yanzu. Daga ni sai shi muka san wannan. Shekara takwas muna haka, daga Makarfi har Kudan, igiyar nan ba ta taɓa barin hannuna ba muddin yana ƙasa. Ko abinci a bakin rijiya nake ci.

Shekara biyu bayan samun mulkin kai, da bazara, rijiyar wata unguwa a Kurmin Kogi ta ƙafe, aka kira mu mu ƙara mata zurfi. Tsohuwa ce, gaba goma sha huɗu. Irin waɗannan suna tara muguwar iska a ƙasa. Na zura aci-balbal a cikin guga. Harshen wutar ya ƙanƙance, ya yi ja, amma bai mutu ba. Muka ɗaura ɗanyen ganye muka yi ta zurawa muna fizgowa don iskar ta motsa. Na sake gwadawa, wuta ta ɗan miƙe.

Iliyasu ya dube ni, ya taɓa hancinsa, ya karkata tafin hannu. Bai gamsu ba ke nan. Ni kuwa gwiwata ta daɗe da hana ni sauka, ga dattawa sun taru a gindin tsamiya suna kallo. Na nuna masa ƙasa. Ya ɗaura igiyarsa ya shiga.

Mai jan guga a ranar Tukur ne, taubashina, ɗan ƙanwar ubana, a nan unguwar yake zaune. Bakinsa ba ya hutawa.

"Datti, wai akuya ka ɗaure ko ɗa?"

"Ja guganka."

"Jama'a ku zo ku gani. Ɗan fari ne fa. Iyayenmu ko hanya ba sa haɗawa da nasu, wannan ya ɗaura nasa a hannu kamar awarwaro. Saura ka samo zane ka goya shi."

Dattawa suka yi dariya. Mai unguwa ya ce, "Ƙyale shi, Tukur. Zamani ne. Ba an ce mun samu 'yanci ba?"

Ta Tukur ba ta dame ni ba, wasa ne tsakaninmu tun muna yara. Ta mai unguwa ce ta shige ni.

Da rana ta take, wata tsohuwa, Iya Sabuwa, ta kawo fura gindin tsamiya. Mai unguwa ya ce, "Malam Datti, bismilla. Ko sai an kai maka can wurin jaririn?"

Na kwance igiyar daga hannuna, na ɗaure ta a jikin gwafar da ke riƙe da itacen bakin rijiya. Ban ce wa Tukur komai ba. Da na ce masa ka lura da ita, in ta motsa sau uku ka kira ni, da na ba shi abin faɗa har kaka. Na je na zauna, na juya wa rijiyar baya.

Ban ji daɗin furar ba. Kunnena yana baya. Ina jin igiya tana gurzar itace, guga ya hau, an zubar da ƙasa, ya koma. Ya sake hawa. Daga nan sai shiru.

Na ji Iya Sabuwa tana cewa, "Tukur, 'yar igiyar nan rawa take yi."

"Guga yake so a ja, Iya."

Ya ja. Daga ƙarar na san gugan ba nauyi.

"Datti, ɗanka ya fara ha'inci. Rabi ya aiko."

Iliyasu bai taɓa aiko rabin guga ba. Na sani a lokacin, ba daga baya ba. Amma mai unguwa yana tsakiyar ba ni labarin damanar bara, ga ludayi a hannuna, ga idanu a kaina. Na jira ya kai ƙarshen maganarsa. Da ya kai, na ajiye ludayin na tashi. Ban yi gudu ba. Tafiya na yi irin ta dattijo.

Na kama siririyar igiyar na ja sau ɗaya. Ba amsa. Na sake. Nauyi kawai na ji, irin na buhu.

"Iya, sau nawa ta motsa?"

"Uku-uku, ɗan nan. Ta yi uku ta tsaya, ta sake uku. Tun kana tsakiyar shan fura."

Na ɗaura babbar igiya a ƙirjina, na jiƙa rawanina na rufe hanci. Wasa ya bar fuskar Tukur.

"Datti, gwiwarka. Bari a nemo wani."

"Riƙe."

Daga gaba goma ƙirjina ya fara matsewa, kaina yana sarawa. Na same shi a zaune, ya jingina da bango, ruwa ya rufe masa idon sawu. Ashe ya kai ga ruwan. Dagi yana gefe. Siririyar igiyar tana nannaɗe a hannunsa, ta yanke masa fata don ja.

Na girgiza shi. Na ce, "Iliyasu." Na sake faɗa, na sake. Kurma ne, ko da ransa ba zai ji ba.

Na kwance igiyar daga jikina na ɗaura masa, na yi ihu a ja. Ina kallon tafin ƙafarsa yana hawa. Yadda aka fito da ni ban sani ba. Na farfaɗo a gindin tsamiya, na ga an lulluɓe shi da rigar mai unguwa.

Bayan la'asar aka binne shi a can. Wasu suka ce iskokin rijiya ne. Liman ya ce kwana ne ya ƙare, gaskiya ya faɗa. Tukur ya zo yana kuka, na ce masa ba shi da laifi, bai san abin da igiyar ke faɗa ba.

Washegari na koma Furana. Uwarsa, Aishatu, ita ma ba ta taɓa kiran sunansa ba, amma ta san igiyar, ita ta jeme ramar. Da masu gaisuwa suka ragu ta zo ta durƙusa a ƙofar ɗakina.

"Malam, ya ja?"

"Ya ja."

"Kana ina?"

"Ina shan fura."

Ta tashi. Har ta rasu ba ta sake tambayata ba.

Ban ƙara haƙa rijiya ba. Waccan kuwa tana nan, ba ta sake ƙafewa ba. Mutanen unguwar suna kiranta rijiyar bebe. In na je Kurmin Kogi na ji wani ya faɗi haka, babba ne ko yaro, tsayar da shi nake yi. Nakan ce masa sunansa Iliyasu, ɗana ne na fari.