Billen Azumi

A shekarun da aka samu 'yancin kai, duk Paraku ba mai ɗaukar hoto kamar Awalu, ko dai haka yake faɗa. Fitilu biyu na lantarki ya sayo daga Kwatano, masu zafi kamar murhu. Yakan kafa su dama da hagu, haske ya cika fuska, duk wani tabo ya ɓace. 'Yan matan unguwar Ganu saboda haka suke zuwa.

Wata rana Azumi ta zo daga Zugu, tsohuwa, jikar fataken goro. Ƙaninta Ɗan'auta ya bi ayari zuwa Salaga tun yana saurayi, shiru kake ji. Sai bana wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ya ce ya gan shi a Salaga, amma Ɗan'auta ya ƙi yarda cewa yayarsa tana raye. Shi ne take so a kai masa hoto.

Awalu ya kunna fitilunsa, ta zauna tana gumi, ya ɗauka. Da aka wanke, ta juya hoton, ta sake juyawa.

"Ɗana, ina billena?"

"Iya, ai gwanintar ke nan. Na mayar da ke yarinya."

"Yarinyar wa? Wanzami ɗaya ya yi mana billen nan, ni da shi. Da me zai gane ni?"

Ransa bai so ba, amma mai kaya shi ke da magana. Ya kashe fitila ɗaya, ya ja ɗayar gefe har hasken ya kwanta a kumatunta. Tsagar ta fito sarai, daga gindin hanci zuwa kunci, da duk tamojin da ke kewaye da ita. Awalu ya ce hoton ya yi muni. Azumi ta naɗe shi a ƙyalle ta ba direba.

Bayan damina direban ya dawo, ya same ta a ƙofar gida tana tsince goro.

"Iya, na kai. Sai dai idonsa ya tafi. Ya yi ta shafa takardar da yatsa, ya ce sumul take, ba ke ba ce."

Abin ya yi mata ciwo. Ta ɗan jima yatsanta a kan kuncinta, sannan ta rufe goron da ganye.

"Yaushe kamiyonka zai koma?"