Saƙon da ya kwana shekara a cikin tsohuwar na'ura

Aikin Sama'ila shi ne kula da rezon sadarwar da ya haɗa gidajen likita na ƙauyuka goma sha biyu da biro, wato babban ofishi, na Madarunfa. Akwai manhajar da ke tsaron rezon: ita ke isar da saƙonni, ita ke yin ƙara idan wata eriya ta mutu. Bara, kafin a kafa ta, ya gwada ta a sabuwar ordinatar, wato kwamfuta, kaɗai, ya sa hannu cewa lafiya lau. Da aka zo kafawa, sai aka ɗora ta kan wata tsohuwa mai ƙaramar ƙwaƙwalwa. Ya gani, bai ce uffan ba.

Ranar da ruwa ya yi ambaliya a watan Agusta, eriyoyi suka yi ta aiko da kuka lokaci guda, na'urar ta sandare awa biyar. Daga baya ya ji wata mai naƙuda ta rasu a wani ƙauye ta wajen Gabi. Ba wanda ya haɗa zancen da shi. Aka ture na'urar ƙarƙashin tebur.

Bana Hajiya Hasana, sabuwar shugabar aikin, ta ce kafin damina ta kankama a gwada manhajar a kan na'urori ukun da ke biron duka, a matsa musu sai sun gaza.

Da hantsi ya fara. Ya ƙirƙiri eriyoyin ƙarya, yana ƙara yawan kukan da suke aikowa. Sabuwa ta ɗauki ɗari biyar ko gezau. Ta biyu ta fara nishi a ɗari huɗu. Tsohuwar ya bari sai bayan azahar, ya jawo ta yana share mata yanar gizo-gizo. A ɗari da tamanin ta sandare.

Ya kashe ta, ya sake kunnawa. Sai allon ya cika da saƙonni masu kwanan watan bara, waɗanda suka maƙale ba su taɓa fita ba. Bakwai daga cikinsu na Jamila ne, ungozomar ƙauyen nan na wajen Gabi. Na ƙarshe na murya ne. Ya danna.

A cikin saƙon, ruwa na dukan kwano. "Don Allah ku turo mota, jinin ya ƙi tsayawa. Kuna ji na? Akwai wani nan?" Can bayanta wata mace na salati a hankali, tana yankewa.

Hadari bai haɗu ba ranar, amma Sama'ila ya waiwaya taga. Sau uku ya saurara.

Hajiya Hasana ta leƙo. "Malam Sama'ila, mi ya samu?"

"Hajiya, zauna ki ji. Ni na sa hannu bara."

Ta saurara har ƙarshe. "Rubuta duka," ta ce. "Har da wannan."

Ranar Asabar ya hau babur ya tafi ƙauyen. Ya tarar da Jamila tana wanke almakashi a bakin randa. Da ya gama bayani, ta tsame hannunta.

"Na zaci kun ji kun ƙyale ni," ta ce. "Shekara guda ina gaishe ku da wannan a raina."

"Mi sunanta?"

"Barira. Ɗiyar ta rayu, tana wajen kakarta. Mijin ya tsallaka Najeriya, bai dawo ba."

Ya nemi a kai shi ya yi wa kakar gaisuwa. Jamila ta girgiza kai, ta ce a bar ta tukuna, ita za ta fara yi mata zancen.

Yana hanyar komawa yayyafi ya sauko. Ya fake a wata rumfar kwano kusa da Safo. Da ruwan ya ƙarfafa yana dukan kwanon bisa kansa kamar a saƙon Jamila, ya kasa zama. Ya fita ya tura babur cikin ruwan.