Agogon Mutum Sittin da Uku

Tun ranar da Anti Bisi ta dawo daga Ikko da agogon nan guda ɗaya tak na gwaji, Munzali bai ƙara samun natsuwa ba. Shi dai abin da ya mallaka a kasuwar Birnin Kebbi tebur ne da lema, a bakin shagonta, yana sayar da caja da rigar waya. Shekara huɗu rana na dukansa, ruwa na korarsa, kullum da yamma sai ya kwashe kaya ya ba ta ajiya. Ba abin da yake so a duniya kamar shago mai ƙofa da kwaɗo. Hanyar samun shagon kuwa tana nan a ajiye: albasarsa ta noman rani, wadda za ta yi buhu arba'in, tana cikin rudu a bayan gidansu a Argungu. Rudun nan rumfar kara ce da ake ɗagawa sama don iska ta riƙa ratsa albasa, a bar ta nan har damina ta yi nisa farashi ya tashi. Haƙurin wata huɗu kawai ya rage masa.

To, ga agogo ya shigo tsakani. Baƙi ne, fuskarsa kamar ta ƙaramar waya. Yana amsa kira, yana ƙirga takun mutum, yana auna bugun zuciya, har da hawan jini wai. Anti Bisi, wadda ta fi shekara ashirin a garin, ta ce masa dillalin Ikko ba ya sakin farashi mai sauƙi sai ga wanda ya ɗauki kwali guda, kwali kuwa sittin ne.

"Ni ba ni taɓa shi sai na ga mai saye da idona," in ji ta. "Kai ma in kana so, ɗauki goma ka gwada, ko da tsada."

Goma! Munzali ya ji kamar ta raina shi. Ya karɓi na gwajin ya ɗaura, ya shiga zagaya gari yana tambayar mutane. Nan ya gane cewa tambayar mutumin Birnin Kebbi ko zai sayi abu aikin banza ne. Ma'aikacin sakatariya ya ce yana da kyau ƙwarai, Allah ya sa albarka. Ɗalibai suka ɗaura suka ɗauki hoto suka mayar masa. Wani mai shagon atamfa ya riƙe shi rabin awa yana latse-latse, ya tambayi ko ruwa na shigarsa wajen alwala, ya tambayi ko akwai ruwan zinari, daga ƙarshe ya ce in sha Allahu bayan Salla. Wace Sallar, bai faɗa ba. Ba wanda ya ce a'a, kuma ba wanda ya sa hannu aljihu. Kwana biyar yana wannan yawo, abin da ya samu kawai shi ne agogon ya gaya masa ya yi taku dubu goma sha huɗu a rana.

Ran Juma'a ya tafi gida Argungu a gajiye, ransa a ɓace. Bayan la'asar ya je gaida Baba Hodi, shugaban ƙungiyar manoman fadama na unguwarsu, abokin marigayi mahaifinsa. Dattijon yana zaune a gindin dogonyaro da mutane kamar bakwai. Idonsa ya faɗa kan hannun Munzali.

"Mi na na wanga, ɗana? Waya ta ko agogo?"

Munzali ya kwance ya ɗaura masa, ba don yana sa ran komai ba. Ya latsa wurin awo. Agogo ya yi 'yar girgiza, lambobi suka fito. Da ya yi bayanin abin da suke nufi, sai Baba Hodi ya gyara zama.

"Kana nuhin awon da nika tahiya asibiti tun da sahe, in bi layi har azahar, shi na wanga yay yi yanzu?"

Anti Bisi ta riga ta ja masa kunne cewa agogo ba likita ba ne, lambar tasa kintace ce. Munzali ya faɗi hakan, amma a hankali, kuma ba wanda ya saurara, don hannuwa bakwai sun riga sun miƙo. Kafin a kira magariba labari ya zagaya unguwa. Masunta suka zo da warin kifi a jikinsu, masu dashen shinkafa da laka har gwiwa. Inna Baiwa mai ƙosai ta bar kaskonta ta zo, aka auna ta, ta ce ba ta yarda ba a sake, aka sake, ta koma ƙarshen layi ta sake biyowa. Munzali yana ɗaurawa yana kwancewa, zuciyarsa fari tas. Ashe kasuwar tana gida, shi yana can yana ɓata takalmi wajen 'yan boko!

Ya faɗi farashi, yana jiran a watse. Ba wanda ya motsa. Baba Hodi ya sa aka ɗauko masa littafin ƙungiya, ya yage takarda daga tsakiya, ya ce duk mai so ya faɗi sunansa. Da hannunsa ya rubuta, yana ja wa kowane suna layi, yana sa rana a gefensa: wannan Asabar, wancan Lahadi, har kwana bakwai suka cika, mutum tara tara. Suna sittin da uku. Munzali ya ɗauki hoton takardar a wayarsa. Ranakun ma sun burge shi, ya ce a ransa dattijo ya iya tsari, ya raba wa mutane ranar karɓar kaya don kada a yi turmutsitsi. Damuwarsa ɗaya ce, sittin ba za su isa ba.

Da safe ya sami yayansa Sunusi a bakin rudu yana tsince albasar da ta fara laushi. Ya gaya masa zai sayar da tasa duka.

Sunusi ya ɗago ya dube shi. "Yanzu? Kowa na zubad da albasa kasuwa awa ƙasa, kai za ka kai taka? Ka san abin da buhu shika kaiwa in anka shiga watan tara."

"Yaya, mutum sittin da ukku! Ga sunayensu. Cikin wata guda na kama shago."

"Baba Hodi yar rubuta?"

"Da hannunai."

Sunusi ya karɓi wayar ya ɗan duba, ya buɗe baki kamar zai ce wani abu. Munzali ya fizge abarsa. Ya gaji da mutanen da ba su san komai ba sai jira: a jira ruwa, a jira farashi, a jira Salla. Ya ce albasar tasa ce, shi ya yi mata ban ruwa, ba shawara ya zo nema ba. Sunusi ya ce to, Allah ya ba da sa'a, ya koma tsintarsa. A ranar dillalin albasa ya zo da mota, ya taya kamar yana yi musu alfarma, aka cika buhuna aka ɗaure. Kafin azahar rudun Munzali ya zama kara da inuwa.

Anti Bisi ma ta so ta ɓata masa rai. Ta daɗe tana kallon hoton takardar, ta ce, "Munzali, mai ƙosai za ta sai agogon da yah hi kaskonta tsada? Ka tambaye su ɗai-ɗai?"

"Anti, mutanena na. Na san su."

Ta ce shi ke nan, ta kira Ikko.

Sati uku kwali bai iso ba, kuma a cikin sati ukun nan ruwa ya sauka sosai, albasa ta fara motsi a kasuwa. Duk wanda ya zo sayen caja sai ya kawo masa labarin farashin buhu, kamar an aiko su. Munzali ya riƙa toshe kunne. Ranar da kaya suka iso ya kira Baba Hodi ya ce gobe yana tafe. Ya biya kuɗin kujera biyu a mota, ɗaya tasa ɗaya ta kwali, don kada a danne masa shi a but da buhunan shinkafa.

Ya tarar an share gindin dogonyaro an shimfiɗa tabarmi. Mutane sun fi na ranar farko yawa. Aka yi masa sannu da zuwa, aka kawo ruwa da fura, Inna Baiwa ta aiko da ƙosai. Ya yanke bakin kwali ya jera agoguna a kan tabarma, kowanne a cikin ɗan akwatinsa, layi shida. Jama'a suka yi ta salati.

Baba Hodi ya yi addu'a aka shafa. Sannan ya ciro wata baƙar leda daga aljihu, ƙulle da zare, ya ajiye a gaban Munzali.

"Ga shi, ɗana. Kowa ya kawo nashi, ba wanda munka bi. Zaɓa muna mai ƙwari."

Munzali ya dubi ledar. Ko bai kwance ba ya ga ba ta da kauri.

"Baba, wanga na wa na?"

"Namu na, mu duka."

"Na mutum nawa?"

"Sittin da ukku mana. Ba kai kag ga takarda ba?"

Munzali ya ɗago ya dubi dattijon. "Baba, agogo nawa kuka so?"

Dattijon ya dube shi da mamaki na gaskiya. "Guda. Mi za mu yi da biyu? Awon minti guda na. 'Yan Assabat su auna su ba 'yan Lahadi, shi kwana nan wurina a yi mai caji. Awa injin ban ruwa dai."

Injin ban ruwa. Munzali ya ji kamar an watsa masa ruwan randa. Injin da ya shayar da albasar da ya sayar, na gida goma sha ɗaya ne. Haka aka saye shi, kowa ya kawo abin da ya samu, Baba Hodi ya yage takarda ya rubuta sunaye da ranaku, gidansu Laraba. Haka aka sayi tankin feshi, haka aka sayi kwalekwalen tsallaka kogin Rima. Tun yana yaro yake ganin takardar nan mai suna da rana a gefe, shi ne ma ake aikowa ya duba ko ranarsu ta zo. Abin da Sunusi ya gani ke nan a waya ya buɗe baki. Haushin da ya taso masa ya rasa inda zai sauke shi, don duk wanda ya duba a wurin fuskarsa cike take da murna, ba wanda ya cuce shi.

"To sauran hamsin da tara hwa?" Muryarsa ta fita da ƙarfi fiye da yadda ya so. "Albasata nis sayas don su! Duka!"

Wani ya ce subhanallahi. Baba Hodi ya dubi layukan agogo a tabarma, ya dubi ɗan abokinsa.

"Da ka tambaye ni," ya ce a hankali. "Mun aza na mutanen Birni na."

Wani masunci, don ya kwantar masa da hankali, ya ce unguwar gaba ma suna da ƙungiya, ƙila su ɗauki guda. Wani ya ce Augie ma haka, da Zauro. Suka yi ta lissafo masa ƙungiyoyi da zuciya ɗaya, aka samu shida. Can bayan mutane Munzali ya hango Sunusi a tsaye, ya harɗe hannu yana kallonsa.

Inna Baiwa ce ta matso. Ta ce a gwada na ƙungiya a gaban kowa kafin a karɓa, kuma a fara da mai kaya. Kafin ya yi gardama ta kama hannunsa, aka ɗaura masa. Ita da kanta ta latsa wurin awo, don sau uku ta ga yadda ake yi. Agogo ya yi girgiza, lamba ta fito ja, ta fi ta kowane tsoho da aka auna a wurin.

"Wayyo ɗan nan!" ta ce. "Malam Hodi, dibi. Yaro ƙarami da wanga jini! Sa shi cikin takarda, ba sai ya biya ba."

Baba Hodi ya ciro takardar, ya ɗora a gwiwa, ya rubuta suna na sittin da huɗu a ƙasa.

"Na sa ka Laraba," ya ce, "ranar gidanku."